Rowar ƙaro ta cinye mini wata uku

Har yau idan na ga ƙaro a babbar kasuwar Katsina sai raina ya sosu, ko da yake laifin nawa ne, ba na ƙaron ba.

Aikina na digiri na biyu a kan ƙwayoyin baƙin ƙarfe ne masu bin maganaɗisu, kowace ba ta wuce nanomita 15 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai nanomita 80,000. Sai in yi musu riga da ƙaro, tunda shi ma polima ne, wato sinadari mai dogon zare, in ɗiga su a kan daskararren aga, wani abu mai kama da jeli mai ƙananan ramuka kamar raga, in ga iya nisan da za su kutsa cikin ragarsa.

Na riƙe lissafin Einstein na 1905 da kyau: ƙwaya ta ninka girma, kuzarin yawonta ya ragu da rabi. Sai na ce to bari in rage ƙaron, riga ta yi shara-shara, ƙwaya ta yi sauri. A nan na kwafsa.

Kwana da kwanaki baƙin layin ƙwayoyin yana zaune a saman agan da ke cikin kwalba, ko gezau. Na ɗora wa aga laifi, na yi ta tsinka shi daga kashi 2 cikin ɗari har rabin kashi ɗaya. Shiru. Wata uku ina wannan wahala, kuɗin sinadarai kuma daga aljihuna.

Ranar da na kai kuka, Malam bai ce komai ba, sai ya kara maganaɗisu a jikin kwalbar ruwan ƙwayoyin. Nan take baƙin ya taru gefe guda, ruwa ya yi garau.

"Ai gudaji ka yi," in ji shi. "Da a warwatse suke, ba za su taru da wuri haka ba."

Ashe in ƙaro ya yi kaɗan, zarensa mai tsawo sai ya kama wannan ƙwaya da kai ɗaya, ya kama waccan da ɗayan, ya ɗaure su tamau. Dunƙulen kuwa ya fi ƙarfin ramukan raga. Sai riga ta rufe ko'ina sannan suke ture juna, kowace ta bi hanyarta.

Don Allah, kafin ka taɓa aga, kara maganaɗisu tukuna. Gwajin minti ɗaya ne, ni kuwa wata uku ya ci mini. Da na ƙara ƙaron, cikin kwana uku launin ƙasa-ƙasa ya gangara kusan milimita 2, na tsaya ina kallonsa har aka kira magariba.