Abin da na kwaso daga bin zuriyar sarakunan Fiji, da abin da aka kwashe min

Tunda dai an sa hannu a takardar kiliyarans kuma na kai kwafin tesis ɗina laburare, yanzu bakina ya buɗe. 'Yan sashenmu sun sha tare ni a baranda wai me ya kai ɗan Arewa Fiji, ga Kano ga Zazzau ga Katsina duk ba su ishe ka ba, wasu kuma abinda suke son ji kawai shi ne me ya shiga tsakanina da Malam har ta kai ina gaishe shi yana amsawa da ka. To bari in haɗa amsar waje ɗaya, musamman saboda ƙannenmu da za su zaɓi tofik a zangon nan.

Fiji, ƙasar tsibirai da ke tekun Pasifik, daga kwas ɗin mulkin mallaka ta fito min. Mu nan an saba koya mana mulki ta hannun sarakuna kamar Lugga ne ya ƙago shi bayan ya ci Kano da Sakkwato a 1903, alhali tun 1875 wani gwamnan Ingila, Arthur Gordon, ya fara shimfiɗa irinsa a Fiji. Ya ɗora Roko Tui a kan larduna, Buli a kan gundumomi, ya hana sayar wa Turawa ƙasar 'yan asali, ya kuma riƙa tara manyan sarakuna a majalisa guda wadda aka sani da Bose Levu Vakaturaga. Don kada a kwashe 'yan ƙasar zuwa gonakin rake sai aka fara shigo da 'yan ƙwadago daga Indiya a 1879, wajen mutum 60,000 kafin a tsayar a 1916. Na ce ai wannan abin a bincika ne.

Malam ya karɓi furofozal ɗin da fara'a, sai dai tun ranar ya riga ya gama rubuta kammalawar a kansa. Shi a wajensa Cakobau, sarkin tsibirin Bau, shi ne Sarkin Musulmin Fiji, Bau ita ce Sakkwato, Gordon shi ne Lugga, a ja tebur mai layi biyu a cike kowa ya huta. Ni kuwa ina ƙara nitsawa cikin takardu teburin yana ƙara ƙin zama.

Bau ɗan tsibiri ne da bai fi hekta 8 ba a gabashin Viti Levu, babban tsibirin Fiji. Ratu Seru Cakobau ya gaji mahaifinsa Tanoa a 1852 a sarautar Vunivalu, wato sarkin yaƙi, kuma a asali ma akwai Roko Tui Bau da ke gaba da shi a daraja, ƙarfin yaƙi ne ya sa gidan Vunivalu ya shanye wancan. Bayan haka ga Rewa da suka daɗe suna gwabzawa da Bau, ga Cakaudrove can a Vanua Levu, ga tsibiran Lau da wani ɗan sarautar Tonga, maƙwabciyar Fiji, mai suna Ma'afu ya kankane, ga mutanen kan tudu a tsakiyar Viti Levu da ba su taɓa bin kowa ba. Ko yaƙin Kaba na 1855 da ya tsayar da Cakobau da ƙafafunsa, ba don Sarkin Tonga George Tupou na ɗaya ya zo da mayaƙansa ba da labarin ya sha bamban, kuma wannan ya zo ne shekara guda bayan Cakobau ya karɓi Kiristanci a 1854. Babu tuta da wani ya raba wa wani, babu bai'a, babu waziri mai zagaya ƙasashe yana duba sarakuna. To ina Sakkwaton take?

Abinda ya fi ɗaure min kai shi ne yadda sunan sarkin Fiji gaba ɗaya ya manne masa. A ranar 4 ga Yuli 1849 wakilin kasuwancin Amurka, John Brown Williams, yana bikin 'yancin ƙasarsu a tsibirin Nukulau gobara ta kama gidansa, mutane suka kwashi kaya. Ya ce sai an biya shi. Wa zai biya? Sai aka nemo wanda ke kiran kansa Tui Viti, wato Sarkin Fiji, shi ne Cakobau, aka ce tunda kai ne sarkin duka, bashin duka naka ne. Kuɗin ya yi ta kumbura har ya haura dala 40,000, jiragen ruwan yaƙin Amurka na zuwa suna tuni. Bashin nan na cikin abinda ya sa ya yi wa Ingila tayin ƙasar a 1858 suka ƙi karɓa, shi ya sa a 1868 ya yarda wani kamfanin Melbon ya ɗauke masa bashin a ba shi eka 200,000, ciki har da filin da Suva, babban birnin ƙasar, take a kai yanzu. A 1871 Turawa mazauna garin Levuka suka naɗa shi sarki da gwamnati irin tasu, ba ta yi ƙarko ba, ranar 10 ga Oktoba 1874 shi da wasu sarakuna 12, har da Ma'afu, suka sa hannu suka miƙa ƙasar. Mutanen kan tudu da ba a shawarce su ba kuwa sai da aka kai musu yaƙi a 1876, bayan ƙyandar 1875 ta riga ta kashe wajen kwatan mutanen ƙasar, cutar da ta biyo ayarin Cakobau ɗin daga ziyarar Sidni.

Na rubuta cewa a Arewa Lugga ya tarar da daula ya ɗora hannu a kanta, a Fiji kuwa rabin tsarin Gordon ne ya ɗinka shi daga al'adun gabashin ƙasar ya yafa wa kowa, har da mutanen yamma da ba su san irin wannan hawa-hawan sarauta ba. Malam ya ja jan biro a kai ya rubuta “waye ya faɗa?” Na kai masa waɗanda suka faɗa, ya ce “kai yaro, tun ba a haife ka ba nake koyar da wannan kwas ɗin.” A semina kuma, wallahi tambayar da ta fi cin lokaci ita ce wai da gaske suna cin naman mutane. An yi, ba wanda ya musa, amma a ce mutum ya kwana yana shirya magana kan filaye da haraji a tashi da wannan, akwai ciwo.

Duk wannan mai sauƙi ne. Cafta ta huɗu ce ta raba mu.

A caftar na bi zuriyar ne gida gida, don ni abinda ya ja ni tun farko shi ne ina jikokin waɗanda suka sa hannun nan suke. Sai na ga ashe ba su je ko'ina ba, su ne gwamnatin. Fiji ta samu 'yanci a 1970, firaministan farko Ratu Kamisese Mara shi ne Tui Nayau na Lau, matarsa Ro Lala ita ce Roko Tui Dreketi ta Rewa, wato shugabar Burebasaga, ɗaya daga manyan ƙawancen sarauta uku tare da Kubuna da Tovata. Ratu George Cakobau, tattaɓa kunnen Cakobau kuma Vunivalu, shi ne gwamna janar daga 1973 zuwa 1983. Wanda ya gaje shi, Ratu Penaia Ganilau, ya zama shugaban ƙasa na farko a 1987 kuma ya riƙe Tui Cakau, sarautar Cakaudrove. Ratu Epeli Nailatikau, jinin Cakobau ta wajen kakarsa, jikan Sarkin Tonga kuma surukin Mara, shi ne kwamandan sojan da wani hafsa Sitiveni Rabuka ya ture a juyin mulkin 1987, ya dawo ya yi shugaban ƙasa daga 2009 zuwa 2015. Ro Teimumu Kepa da ta gaji yayarta a sarautar Rewa ita ta jagoranci 'yan adawa a majalisa daga 2014 zuwa 2018. Ko sandar majalisar dokokin ƙasar, kulkin yaƙin Cakobau ne da ya aika wa Sarauniya Victoria, aka dawo da shi a 1932.

Kuma ba sarautar ado ba ce kawai. Kusan kashi 90 na ƙasar Fiji mallakar dangogin 'yan asali ne ba a sayarwa sai dai haya, akwai rajistar da ake rubuta kowane ɗan dangi a ciki, Vola ni Kawa Bula, kuma hukumar da ke karɓar kuɗin hayar Ratu Lala Sukuna ne ya tsaya aka kafa ta a 1940. Shekara da shekaru sarakuna na ɗaukar kaso na musamman kafin a raba wa talakawa. Tsarin mulkin 1997 ma majalisar sarakuna ya ba wa ikon zaɓen shugaban ƙasa da sanatoci 14 cikin 32. Shi ya sa da shugaban sojoji Frank Bainimarama ya yi juyin mulki a Disambar 2006 kan sarakunan ya fara hawa, ya ce su je gindin mangwaro su sha giyarsu, ya dakatar da majalisar a 2007, ya mayar da rabon kuɗin haya daidai wa daida, ya soke majalisar baki ɗaya a 2012. Ɗan Mara ɗin ma, Ratu Tevita, babban hafsa ne a soja, ta ruwa ya tsere Tonga a 2011. Kujerar Vunivalu kuwa tun rasuwar Ratu George a 1989 take babu kowa, gidan ya kasa haɗa kai, a 2018 an so a naɗa ɗansa 'yan sanda suka hana.

Na rufe caftar da cewa wanda ya ɗauka an gama da gidajen nan bai karanci ƙasar ba, kujerar da aka shekara talatin ana rigima a kanta ba matacciya ba ce, da ta mutu ba wanda zai tsaya faɗa. Lokacin dogon yajin aikin nan na 2022 na rubuta ta, a gida, da datar da nake saya da kuɗin lesin ɗin yara.

Malam ya riƙe ta har aka dawo aka yi nisa da zango. Da ya tashi dawo min da ita bai yi ko gyaran waƙafi ba, layi ɗaya ne a saman shafin farko, wai wannan aikin 'yan jarida ne ba tarihi ba, a cire, tesis ta tsaya a 1970. Na je ofis na ce “Allah ya gafarta Malam, taken da sashe ya amince da shi akwai zuriya a ciki.” Ya ce a canza taken. Na ce ko a bar ta a rataye a ƙarshe. Ya ce in ina son in ga difens a shekarar nan in yi abinda aka ce. Kun san abinda wannan maganar take nufi a sashenmu, kun kuma san waɗanda suka yi gardama shekara nawa suka ƙara. Na cire.

Sai ga Rabuka ya dawo firaminista a Disambar 2022, Bainimarama ya sauka. A Maris 2023 aka naɗa Ratu Epenisa Cakobau, ɗan Ratu George ɗin, Vunivalu. A Mayu majalisar sarakunan da aka ce an binne ta zauna, kuma a tsibirin Bau ɗin ta zauna. A Nuwambar 2024 Tui Cakau na yanzu, Ratu Naiqama Lalabalavu, ya zama shugaban ƙasa. Ban ce na san gaibu ba, takardu kawai na karanta da kyau.

Wani abokina da ya je taron masana tarihi a wata jami'a shi ya turo min hoton jadawalin, ga sunan Malam shi kaɗai a kan maƙala game da dawowar sarakunan Fiji. Na roƙe shi ya samo min kwafi. Jerin gidajen nawa ne, tsarin nawa ne, har wani kuskuren bugu da kwamfutata ta yi a sunan Lalabalavu yana nan inda na bar shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na kai maganar wajen wani babba a sashe da nake ganin girmansa, ya saurare ni tsaf, ya ce in yi haƙuri, malaminka ubanka ne, kuma kar in manta wa zai rubuta min takardar shaida in zan nemi digiri na uku. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma a nan zai ci gaba da zama.

A difens eksitanal ya ɗaga tesis ɗin ya ce aiki ya yi kyau amma me ya sa aka tsaya a 1970 alhali abin sha'awar yana gaba. Ɗakin ya yi tsit. Na ce shawarar mai duba aikin ce, ban ƙara ko kalma ba. Daga ranar gaisuwa ta koma da ka.

Sauran abubuwan gajeru ne. Duk caftar da za ku ba malami ku fara tura masa ta imel ko da ya ce takarda yake so, kwanan wata ba ya ƙarya. Kar ku yarda da jadawalin zuriya da kuka gani a intanet sai kun ga an maimaita shi a wani wuri mai tushe, don kowane ɓangare na gidan sarauta yana da nasa kuma kowa kakansa ne babba. In za ku kwatanta wata ƙasa da tamu, ku fara karanta ta ita kaɗai tukuna kafin ku ɗauko Sakkwato ku aza mata. Ku tambayi tsofaffin ɗaliban malami kafin ku cike fom ɗin zaɓensa, waɗanda suka gama suka tafi, ba waɗanda har yanzu makinsu ke hannunsa ba.

Takardun da na tara, rahotannin gwamnoni da tsarin mulkin 1970 da na 1997 da sauransu, na zuba su a filashi na bar wa wakilin aji, duk mai so ya kwafa kyauta. Cafta ta huɗu ba ta ciki. Na ƙara mata abubuwan 2023 da 2024 na tura wa wata mujalla da sunana ni kaɗai, na haɗa musu da imel ɗin da na tura wa kaina tun 2022. Digiri na uku kuma in Allah ya yarda zan yi, amma ba a sashen nan ba.