Ashirin da Ɗaya: Inda Kuɗina Suka Zube

Wasan karta na ashirin da ɗaya, wanda gidajen caca ke kira blackjack, dokarsa ba ta da wuya, shi ya sa yake saurin jan matashi. Kati daga 2 zuwa 10, darajarsa lambar da ke jikinsa. Masu hoto, wato K da Q da J, goma-goma ne. Mai harafin A kuwa ɗaya ne ko sha ɗaya, duk wanda ya fi maka amfani. Za a ba ka kati biyu, mai rabawa ma ya ɗauki biyu, ɗaya a buɗe. Sai ka nemi ƙari ko ka tsaya. Ka wuce 21, ka ƙone.

Na daɗe ina ɗauka cewa aikina shi ne in matsa kusa da 21. Ba haka ba ne, ƙannena. Da mai rabawa kake karawa, shi kuma ba shi da zaɓi: dole ya ci gaba da ɗaukar kati har ya kai 17, sannan ya tsaya. Don haka katinsa na buɗe ne abin dubawa. Idan 5 ko 6 ya nuna, ya kan ƙone sama da sau 40 cikin ɗari. Ni kuwa ina riƙe da 14 sai in ce a ƙara mini, goma ta faɗo, in ƙone kafin ma ya taɓa katinsa. Idan kuma 10 ya nuna ina da 16, tsoro ya sa in tsaya, alhali a nan lissafi ya fi goyon bayan ɗauka. Komai a juye nake yin sa.

Daga baya na yi wata dabara da na ga kamar wayo ce: tunda gida ne ke ci, bari in kwaikwayi mai rabawa, in ɗauka har 17. Abin da ban lura ba shi ne ni ke fara wasa. Idan na ƙone an kwashe kuɗina nan take, ko da shi ma zai ƙone bayan minti ɗaya. Ribar gidan caca a nan take kwance, kuma mai wannan kwaikwayo yana asarar sama da kashi 5 cikin ɗari na abin da ya zuba.

Sai inshora. Idan mai rabawa ya nuna A, za a tambaye ka ko za ka sa rabin kuɗinka a kan cewa katinsa na rufe goma ne, a biya ka ninki biyu. Sunan ne ya ruɗe ni. Masu darajar goma 16 ne cikin kati 52, wato ba su kai ɗaya cikin uku ba, biyan kuwa sai sun kai hakan yake zama daidai. Wata caca ce daban aka sa wa suna mai daɗi.

Amma duk waɗannan ƙananan ramuka ne. Wanda ya fi cin kuɗina shi ne bin asara: in na faɗi sai in ninka, wai ci ɗaya zai mayar da komai. Yi lissafin da kanka. Ka fara da 1, ka faɗi sau bakwai a jere, ka rasa 127, yanzu kuma sai ka zuba 128 don ka samu ribar 1 kacal. Faɗuwa bakwai a jere ba abin mamaki ba ce, kuma kowane tebur yana da iyakar abin da za a zuba, ko aljihunka ya riga shi ƙarewa. Kati bai san ka faɗi ɗazu ba, ba ka bin sa bashin sa'a. A wannan hali ne mutum ke fara cin bashi yana ɓoye wa na gida, kuma da zarar ka ga kana haka, ka tashi ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi.

Akwai tsarin wasa da aka fitar da lissafi. Wasu Amurkawa huɗu, Baldwin da abokansa, suka wallafa shi a 1956: ka raba A biyu da 8 biyu, wato ka buga kowane kati daban, kar ka raba goma biyu, ka ninka kuɗin da ka zuba idan katunanka biyu suka ba da 11. Ko ka haddace shi tsaf, gida na nan da rinjayen kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Rage asara yake yi, ba ya mai da ita riba. A teburin da ke biyan 6 a kan 5 maimakon 3 a kan 2 ga wanda ya samu 21 da katinsa biyu na farko kuwa, rinjayen ya kan kusan ninka sau uku ko fiye. Wanda bai fara ba, ni dai ban ga abin da ya rasa ba.

Za a ba ka labarin Edward Thorp, malamin lissafin da ya nuna a 1962 cewa ƙirga katunan da suka fita na iya juya rinjayen. Gaskiya ne, amma gidajen caca ma sun karanta. Suka haɗa kwali shida ko takwas a wasa ɗaya, suka kawo injin gauraya kati, suna kuma sallamar wanda suka gane yana ƙirga. A manhajar waya da kwamfuta ke rabawa kuwa, ana sake gauraya katin bayan kowane zagaye, babu abin da za ka ƙirga.