Wata na uku da fara haɗa kwamfutar gem: yadda firjin Inna ya zaɓa mini kati

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Madabod da furosesa sun iso tun watan jiya, na ɗora Ryzen 7 9800X3D da mimori gig 32. Akwatin na nan bisa tebur a ɗakina a Birnin Kebbi, komai ya zauna, ramin katin girafik, wato katin da ke zana hoton gem a monita, ne kaɗai ke hamma. Sati biyar na yi ina juya maganar kati, sai shekaranjiya na tsayar da shawara.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko RTX 5090 nake kwana da shi nake tashi da shi. Ya fito a Janairun 2025 da mimori gig 32, Nvidia ta sa masa dala 1,999, kuma wannan kafin ɗan kasuwa ya ɗora nasa, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala. Amma ba farashin ne ya fara sanyaya mini gwiwa ba. Wutar da yake sha ce: wat 575 shi kaɗai, kuma kamfanin da kansa ya ce a nemi fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, mai wat 1,000.

Sai na ɗauki biro da takarda. Inbatar gidanmu mai 1.5kVA ce, abin da za ta iya ɗauka bai wuce wajen wat 1,200 ba. Batura biyu ne masu 200Ah a kan bolt 12, a lissafi wat 4,800 ke nan na awa guda, sai dai irin baturan nan na ruwa in kana son su yi ƙarko ba ka shan fiye da rabi. Saura 2,400. Ka haɗa 5090 da furosesa da monita da fankoki, ka doshi wat 800. Awa uku batir ya kwanta, kuma ban sa fankar ɗaki ba, ban sa ƙwan lantarki ko ɗaya ba, ban sa firjin da Inna ke daskarar da ƙanƙara da zoɓon sayarwa ba. Ina cikin wannan lissafi ta leƙo, na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, in wanga abu naka ya shanye batir zoɓona ya yi tsami, kai za ka biya." Nan maganar 5090 ta mutu.

Akwai kuma abin da masu gwajin Amurka da Jamus ba sa damuwa da shi, don su a ɗaki mai sanyi suke aiki. Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa, kuma cikin ɗakinka take amayar da shi. Wat 800 kusan daidai yake da ka jona dutsen guga ka bar shi, ka rufe ƙofa, ka zauna kusa da shi. Wanda ya san Afrilun Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40 har katifa ta yi ɗumi da dare, ya san abin da nake nufi. Kati ma in iskar da yake shaƙa mai zafi ce, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ka biya kuɗin doki, ka tashi da tafiyar jaki.

Na ɗan karkata ga na hannu. Wani ya kawo mini RTX 3090 na 2020, mai gig 24, ya ce bai taɓa wahala ba. Na roƙi abokina muka ɗora a tasa kwamfutar, muka kunna FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati aiki mai nauyi, muka buɗe HWiNFO mai nuna zafi a gefe. Zafin ƙwaƙwalwar katin, wato furosesarsa, lafiya lau, amma na mimori cikin minti goma ya kai digiri 106, alhali a 110 yake fara ja da baya. Da na juya shi na ga maiƙo ya tsatso ta gefen farantin baya, ƙura ta manne a kai kamar an shafa man gyaɗa. Shi 3090 rabin mimorinsa a bayan allo yake, shi ya sa yake dahuwa, kuma irinsa da yawa sun yi shekaru suna mainin, wato haƙar kuɗin intanet na Ethereum, dare da rana kafin a daina haƙarsa da kati a Satumban 2022. Na mayar masa da abinsa, muka rabu lafiya. In za ku sayi na hannu, kada ku tsaya ga ganin hoto ya fito a monita, ku duba zafin mimori.

Daga nan na yi wa kaina tambayar da ya kamata in fara da ita: wace monita gare ni? Tawa 1440p ce mai 165Hz. Manyan katunan nan don monitar 4K, wadda ta fi tawa nauyin hoto, aka yi su. RTX 5080 ma na duba, wanda ya fito a dala 999 da wat 360, amma mimorinsa gig 16 ne, daidai da na ƙannensa, sai na ga ƙarin kuɗin bai biya ni ba.

Aka bar ni da biyu. RX 9070 XT na kamfanin AMD, ya fito Maris 2025 a dala 599, gig 16, wat 304. Sai RTX 5070 Ti na Nvidia, ya fito Fabrairun 2025 a dala 749, gig 16, wat 300. A yawancin wasanni kunnen doki suke yi, yau wannan ya ɗan wuce, gobe wancan. Da gem kaɗai nake yi, wallahi na AMD zan ɗauka, ga sauƙin kuɗi, ga yawancinsu da tsohuwar waya mai fil 8 suke aiki. Amma ni ina tace bidiyon biki da na walima a DaVinci Resolve, da shi nake samun na cefane, kuma a nan katin Nvidia ya fi kwantar mini da hankali. Ga DLSS, dabarar Nvidia ta ƙara wa gem gudu, wadda ke sa gem ɗin Cyberpunk 2077 ya gudu da hasken nan nasa mai nauyi ba tare da ya riƙa tsinkewa ba. Don haka 5070 Ti na biya. Da shi kwamfutar gaba ɗaya ba za ta wuce wajen wat 500 ba, firji ya samu rabonsa.

Kafin in tura kuɗi na ari tef a wurin telan bakin layinmu na auna akwatin daga baya zuwa fankokin gaba. Ku yi haka, don akwai katunan da suka haura santimita 33, mutum ya sayo ya rasa inda zai cusa. Na kuma sa mai sayarwa a Computer Village ta Ikeja ya ɗora katin ya turo mini hoton GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati. Dalili shi ne a farkon fitowar katunan jerin RTX 50, Nvidia ta amsa cewa wasu 'yan kaɗan sun fito da ROP, wato sassan da ke kammala hoto, a tauye. Na 5070 Ti 96 ya kamata ya nuna, in ka ga 88 ka mayar. Nawa 96 ne.

Saura wayar wuta mai fil 16, irin wadda aka yi ta labarin narkewarta a kan RTX 4090 tun 2022, galibi saboda ba a danna ta ta shige duka ba. Fawa-fak ɗina mai wat 850 ne kuma da tasa wayar ya zo, ba sai na yi joni ba. Zan danna har in ji ƙas, kuma ba zan lanƙwasa ta a bakin soket ba.

Direban da aka ba saƙon ya ce ranar Laraba zai shigo tasha. In katin ya iso zan fara da rage masa wuta zuwa kashi 80 a manhajar MSI Afterburner, in gwada shi da azahar, lokacin da ɗakin ya fi gasuwa, in rubuta muku lambobin zafi. Ragar tare ƙura kuma har yanzu ban samu mai kyau ba, ga shi dole in sa kafin hunturu. Wanda ya san inda ake samunta a Sakkwato ko Kano ya taimaka mini da kwatance.