Asabar: na fara tayar da tsohon Hurricane na Kawu

Bayan sallar asuba na ciro ɗan jirgin saman roba na Kawu, irin wanda ake haɗa sassansa da gam, daga firiza. Tun daren jiya na jiƙa shi da ruwa na ƙulle a leda na sa a ciki, Allah kuma Ya taimaka wuta ta kwana. Hikimar ita ce ruwan ya ratsa tsagogin da aka manne, in ya daskare ya kumbura, tsohon gam ya saki. Fukafukai da farfela sun fita ba gardama. Ɓari biyu na gangar jikin ne suka ƙi rabuwa, domin gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda, inda aka zuba shi da yawa kuwa ba sauran tsaga. Na ƙyale su a haɗe. Robar da ta kwana biyu a duniya ba ta son dole, tsagewa take yi.

Samfurin Hawker Hurricane ne, jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, na kamfanin Airfix mai yin irin waɗannan 'yan jiragen roba, ma'aunin 1/72, wato kowace santimita a jikinsa tana wakiltar 72 a jirgin gaske. Faɗin fukafukan ainihin jirgin ya ɗan haura mita 12, nan kuwa kusan santimita 17 ne. Kawuna ya haɗa shi tun yana ɗan sakandare, ya shafe shi da fentin ƙofa mai ƙyalli har ya binne duk zanen jikinsa. Taya ɗaya ta ɓata, eriya ta karye, gilashin ɗakin matuƙi ya yi hazo.

Cire fenti ne ya ci yinin. Tina da ruwan goge farce ba su zuwa kusa da wannan aiki, don narkar da irin wannan roba suke yi. Man birki na zuba a tsohuwar robar abinci mai murfi, na nutsar da sassan, na ajiye can saman kwaba saboda yara. Shi ma man birkin ba a sakin jiki da shi, in abu ya daɗe a ciki yakan ƙara masa gautsi, shi ya sa nake ta leƙawa. Zuwa la'asar fentin ya yamutse ya fara ɗagowa. Na sa safar hannu, na bi shi a hankali da tsohon buroshin haƙori, lunguna kuma da tsinken sakace, sannan na wanke da sabulu.

A nan ne raina ya yi fari. Ƙarƙashin wancan fenti komai yana nan: layukan farantai masu tudu, 'yan kawunan ƙusoshi a jere, da haƙarƙarin bayan gangar jiki, inda a jirgin gaske yadi ne aka lulluɓe firam da shi. Ɗana yana tsaye a kaina, ya ce, "Baba, ai da sabo ka saya ka huta." Na ce masa sabon ya fi wannan daidaito, ba musu, layukansa ma a tone suke ciki kamar yadda ake yayi yanzu. Masu gyara da yawa kankare layuka masu tudu suke yi su sake tona nasu da allura. Ni ba zan yi ba. Wanda ya sassaƙa wannan zubi da hannu ya yi shi, kuma irinsa ne ya sa yara suka san jirage tun da Airfix ya fitar da ɗan jirginsa na farko, Spitfire, a shekarun 1950, ana sayarwa a 'yar leda a shagunan Woolworths na Ingila. In na goge wannan zane, jirgin Kawu ya tafi ke nan, sai dai wani abu mai kama da shi.

Gilashin daban na yi masa. Na goge da samfefa mafi laushi a jiƙe, sannan da man goge baki a kan tsumma mai taushi, har kujerar matuƙi ta fara bayyana idan na ɗora shi. Takardar tambura kuwa, waɗanda ake jiƙawa a ruwa a manna a jikin jirgin, Kawu bai taɓa amfani da ita ba, tana cikin takardar umarni, ta yi ɗorawa. Na sa ta a leda na manna a gilashin taga, rana za ta rage mata launin sannu a hankali. Kafin ta taɓa ruwa sai na shafa mata siririn banish, in ba haka ba tamburan wargajewa za su yi.

Launin da zan yi masa na riga na yanke: ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi a sama, shuɗi mai haske a ciki, irin na waɗanda suka yi yaƙi a hamadar Masar da Libiya. Ina da dalili. Daga watan Satumba na 1940 Turawan Ingila suna sauke irin waɗannan jirage cikin akwatuna a Takoradi, a haɗa su a can, su taso ta Legas, su yada zango a Kano da Maiduguri, su bi ta Fort Lamy, wadda ake kira N'Djamena yanzu, da El Geneina da Khartum har Alƙahira. Kakanninmu sun ji rurin Merlin, injin waɗannan jirage, a kan rufinsu. Waɗannan jirage suna da matatar ƙura a ƙarƙashin hanci, nawa ba shi da ita, don haka zan fere ta daga guntuwar roba. Eriya mai sauƙi ce, a gasa ragowar sandar roba a kan kyandir a ja ta har ta yi siriri.

Fenti sai an jira. Hunturu ya kankama, ƙura na sauka kan komai, dole in tanadi kwali mai murfi da zan riƙa kifewa a kai. Fukafukan na mayar cikin man birki saboda sauran fentin da ya maƙale a gindinsu, in sha Allahu kafin in kwanta zan cire su.

Bayan isha'i na kira Kawu na ba shi labari. Ya yi ta sa albarka, ya ce in duba tsohon gwangwanin alawa da ke cikin akwatin littattafansa, yana kyautata zaton tayar tana ciki. Gobe bayan azahar zan je.