Yini Guda a Titin Woodward

Shekara talatin da ɗoriya ina ƙarƙashin mota a garejina da ke Kano, saboda haka da ɗan ƙanwata ya ce zai kai ni kallon motoci, dariya na yi masa. Na je Amurka ne ganin jaririn da aka haifa masa a Dearborn, kusa da birnin Detroit, kuma sai zuwan nawa ya faɗa tsakiyar watan Agusta.

"Kawu, ka dai shirya. Waɗannan ba irin waɗanda ka saba gyarawa ba ne," in ji shi.

Ranar Asabar ta uku a watan muka fita bayan sallar asuba. Ita ce ranar da ake bikin da suke kira Woodward Dream Cruise, wanda aka fara a 1995 a garin Ferndale don tara kuɗin gina wa yara filin ƙwallo. Yau titin Woodward ne ke cika tun daga Ferndale har garin Pontiac, tafiyar mil 16. Muka ajiye motarmu can nesa a cikin unguwa, muka taka zuwa Royal Oak. Mutane sun riga mu, sun jera kujerun naɗi a bakin titi kamar masu jiran hawan Daushe.

Kafin in ga komai kunnena ya fara ji. Wani ruri ne mai kauri da ke shiga ƙirji, ba gaggawa a cikinsa, kamar sa yana gurnani cikin dare. Duk bakanike ya san silinda takwas idan ya ji. Sai ga ta ta ɓullo: Dodge Charger ƙirar 1969, baƙa wuluk, fitilun gabanta a ɓoye, ƙugunta ya ɗan buɗe ta baya. Wani dattijo mai furfura ke tuƙi, matarsa a gefe tana ɗaga wa jama'a hannu. Tafiyar hawainiya suke yi saboda cunkoso, kuma hakan ya fi mana, don har ɗinkin kujera na gani.

Daga nan na daina ƙirga. Mustang ba iyaka, Camaro, Barracuda, ja da ruwan lemo da wani kore mai kashe ido. Akwai wata Plymouth Superbird ta 1970 mai dogon hanci da fiffike a baya wanda ya ɗara rufin motar tsawo. An ƙera ta ne don gasar tseren motoci ta Amurka da ake kira NASCAR. A ganina dai ba ta da kyan gani, ko da yake mutane sun yi mata caa da wayoyi.

Inda na fi daɗewa shi ne wani filin ajiye motoci da masu su suka ɗaga boneti suka zauna a gefe. Nan na tsaya gaban Chevrolet Chevelle SS 454, ita ma ta 1970. Injinta lita 7.4 ne, mafi ƙarfin cikinsu an rubuta masa ƙarfin doki 450. Fijo 504 da na koyi aiki a kanta lita biyu ce da silinda huɗu. Amma abin da ya kama ni shi ne sarari. Kana leƙawa za ka ga kafireto a zaune a sama, wayoyin fulogi takwas a jere, lagireto, belin fanka, har kana hango ƙasa ta gefen injin. Ba murfin roba, ba kwamfutar da sai an jona na'ura kafin mota ta faɗi ciwonta. Da sifana da sukudireba da kunne mai kyau za ka gama da ita.

Mai motar ya lura da yadda nake kallo, ya tambayi ɗan nawa ko ni ma'aikacin mota ne. Da aka ce masa e, sai ya tayar da ita ya yi mini nuni in matso. Na saurara, na ce ɗan ya gaya masa man ya ɗan yi wa iskar yawa. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce sati biyu ke nan yana fama da saitin. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma mun fi rabin awa muna hira da yatsu.

Shi ya nuna mini wata Pontiac GTO ta 1964, wadda da yawa ke ɗauka a matsayin uwar wannan zuri'a. Dabarar ba wuya: John DeLorean, injiniyan kamfanin Pontiac, da abokan aikinsa suka ɗauko babban inji mai lita 6.4 suka cusa a matsakaiciyar mota, aka sayar da ita a farashin da matashi mai albashi zai iya. A wannan titin da muke tsaye samarin zamanin ke tsere daga wannan danja zuwa waccan. Zamanin bai kai shekara goma sosai ba. Kuɗin inshora ya hau, dokar hayaƙi ta 1970 ta matse kamfanoni, sannan ƙasashen Larabawa suka hana Amurka man fetur a 1973. Na yi shiru ina lissafi, don tsadar man da ta durƙusar da waɗannan motoci ita ce ta kawo mana kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, har aka buɗe masana'antar Fijo a Kaduna a 1975. Sunan Pontiac kansa an rufe shi a 2010, sai garin ya rage.

La'asar ta same mu a wajen, muka yi salla a kan ciyawa bayan wani kanti. Rana ta ƙona mini ƙeya, rigata tana warin fetur da ƙonannen taya. A hanyar komawa Dearborn ɗan nawa ya tambaye ni wacce zan ɗauka da za a ba ni kyauta.

"Chevelle ɗin," na ce, "in dai kai za ka riƙa zuba mata mai."