Abin da dashen alda ya koya mini a ƙasar Haɗeja

A ƙarshen watan nan zan ajiye aikin kula da gandun renon itatuwa na ƙauyenmu, kuma tun da abokan aiki sun ga sunana a rahoton asarar dashen alda, ya dace su ji yadda al'amarin ya kasance.

Alda, wadda masana ke kira Alnus glutinosa, bishiya ce ta Turai da yammacin Asiya da wani yanki na arewacin Afirka, kuma ba ni da abin kushe a kanta. Tana kai tsawon mita 20 zuwa 30 a bakin koguna da dausayi, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima. A saiwarta akwai ƙulle-ƙulle da wasu ƙwayoyin halitta masu suna Frankia ke zaune a ciki, suna ɗebo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa take rayar da ƙasar da ta gaji. Itacenta fari ne idan an sare, sai ya rikiɗe ya yi ja-ja da iska ta buge shi, kuma ba ya ruɓewa muddin yana nutse cikin ruwa, har ma akwai turakunsa a ƙarƙashin gine-ginen birnin Benis na Italiya. Ana yin takalman katako da shi, ana ƙyafe kifi da hayaƙinsa, a da kuma gawayinsa na shiga haɗin albarushi.

Maganar naitirojin ɗin nan kaɗai shugabanmu ya riƙo daga wani taro da ya halarta a ƙasar waje, ya dawo da iri a jaka, ya ce a rena, a dasa a gefen fadama. Na ce masa, "Yallaɓai, wannan bishiya tana son sanyi da ruwan da ba ya yankewa, ƙananan tsiranta ba sa jure bushewar ƙasa ko ta 'yan kwanaki, mu kuwa daminarmu ba ta wuce wata huɗu, zafin bazara kuma yana haura digiri 40." Amsar da ya ba ni a gaban leburori ita ce dalbejiya ma daga Indiya ta zo. Gaskiya ne, amma dalbejiya ta baro zafi ne ta tarar da zafi.

Mun yi abin da aka umarce mu. Cikin leda, ƙarƙashin rumfa, da ban ruwa safe da yamma, wasu sun tsiro har suka ba da sha'awa, aka ɗauki hotuna aka aika ofis. Da aka dasa su, ruwan fadama ya janye bayan kaka kamar yadda ya saba, iskar hunturu ta busar da ganyen, bazara da gara suka ƙarasa sauran. Rahoton da ya biyo baya ya ce sakacin mai kula da gandu ne, kuma ba a kira ni an ji ta bakina ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gawo na tsaye a gonakin da ke kewaye da mu, yana yin aikin da aka je nema Turai. Shi ma yana ƙara wa ƙasa naitirojin, yana zubar da ganye da damina don kada inuwa ta danne gero, da rani ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da awaki. Kowane dattijo a nan ya san zangarniyar ƙarƙashin gawo ta fi kauri. Manoman Zinder da Maraɗi sun farfaɗo da gonakinsu ta hanyar barin tohon kututture ya girma, ba tare da sayen leda ba.

Wanda zai gaje ni ya riƙa neman umarni a rubuce, ya ajiye kwafi a gida. Ya kuma tambayi asalin kowane iri kafin ya jiƙa shi. Layukan gawon da na rena a bayan rijiyar burtsatse, da iri daga garken awakin maƙwabta, sun isa dashe a farkon damina mai zuwa, kuma babu su a cikin kowane rahoto.