Gwangwanin berni ɗaya ya ci mini aikin wata biyu a kan DC-10

Ranar da abin ya faru, ɗan ƙaramin jirgin sama na roba da nake haɗawa ya riga ya haɗu. Farin fenti ya kwanta, ratsin kore na Air Afrique ya miƙe daga hanci har baya, tagogi sun jeru, alamar kan barewar nan tana zaune a wutsiya. Abin da ya rage kawai in rufe shi da berni, shafin sheƙi marar launi, don kada sitikoki su ɓare. Na ɗauko gwangwanin feshi na bernin mota, wanda masu garaji ke ce wa bom, na girgiza, na bi gefen hagu da shi sau biyu a jiƙe sharkaf don ya yi sheƙi. Ban kai ga ajiye gwangwanin ba farin ya fara tattarewa. Ina tsaye ina kallo ya yamutse kamar saman madarar da aka tafasa ta huce, ratsin koren ya karkace ya tsattsage, tagogin suka bi shi. Minti uku bai cika ba. Har yanzu in na ji warin bernin nan a garaji sai gabana ya faɗi.

Jirgin DC-10-30 ne na roba, ma'aunin 1:144, wato na gasken ya ninka shi sau 144. Na gasken tsawonsa ya ɗan wuce mita 55, faɗin fukafukansa mita 50 da ɗoriya, don haka a kan tebur yana kai santimita 38 da rabi a tsawo, 35 a faɗi. Na zaɓi kalar Air Afrique ne saboda namu ne: ƙasashe 11 suka kafa kamfanin a Yawunde a 1961, har da Nijar, ya yi ta aiki har 2002, kuma DC-10 na cikin manyan jiragensa tun farkon shekarun 1970. Dattijon da ya taɓa sauka Yamai a cikinsa, da ya hangi koren nan zai gane shi. Kwalin jirgin bai zo da waɗannan sitikoki ba. Takardar sitikar ruwa daban na sa aka sayo a Faransa, ta zo Yamai, aka saka ta a mota zuwa Maradi. Mako bakwai na jira ta, kuma guda ɗaya tak na saya.

Haɗa jikin bai ba ni wahala ba, abu biyu kawai zan ambata. Na farko nauyin hanci. DC-10 injinsa na uku a wutsiya yake, in ba ka sa masa nauyi a gaba ba zai zauna a kan gindinsa, hanci a sama. Na yanka darmar da masu faci ke maƙalawa a bakin ƙarfen taya, kimanin giram 20, na kafe ta a bayan mazaunin matuƙa da gam mai haɗi biyu kafin in rufe ɓarin jikin biyu. Kada a yi wannan da gam mai kamawa nan take, tururinsa na sa gilashin gaba ya yi fari fat daga ciki, inda hannu ba zai ƙara kai wa ba. Na biyu layin haɗi na gadon baya. Farin fenti mai sheƙi ba ya rufa asiri, ko tsagar da ba ta kai silin gashi ba sai ya nuna ta. Na matse jikin da robar ɗaure kuɗi ya kwana, na cike layin da mastik, ƙullun toshe tsaga, na goge da samfefa mai lamba 400, sai 800, sai 1200, duk da ruwa. Ramukan tagogi ma na toshe su duka da mastik, tunda takardar sitika ta zo da nata tagogin, waɗanda suka fi ramukan daidaito. Wannan shawara ce mai kyau, amma ita ta sa da bernin ya ci sitika sai jirgin ya tashi ba shi da taga ko ɗaya.

Farin da na sa fentin mai ne, irin na ƙananan gwangwanaye. Na tsinka shi, na yi masa shafi huɗu marasa kauri, kwana ɗaya tsakanin kowane biyu. Bayan na ƙarshe da kwana biyu na taɓa na ji ba ya kama yatsa, na ce ya bushe. Na liƙa sitikoki, na ƙara kwana ɗaya, na fesa berni.

Washegari na naɗe jirgin a tsumma na kai wa wani dattijo mai fentin mota a unguwarmu. Ya juya shi a hannu, ya kai shi hanci ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan ai ɗanye ne. Sama kawai ya kame." Na ce, "Baba, kwana uku fa ya yi." Ya ce, "Ko kwana goma ya yi, ba a ɗora selulos a kan fentin mai. Tinarsa ta fi ƙarfinsa." Bai ƙara komai ba, ya koma kan ƙofar motar da yake gogewa.

Abin da ya faɗa shi ne gaba ɗayan matsalar. Selulos da yake nufi shi ne irin fenti da bernin mota, kamar wanda na fesa. Fentin mai ba bushewa kawai yake yi ba. Bayan tinarsa ta fita, yana ci gaba da shan iska yana ƙanƙamewa daga sama zuwa ƙasa, kuma wannan na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, fiye ma in shafin ya yi kauri. Zafin Maradi yana yaudara a nan, domin saman kan kame cikin ƴan sa'o'i, ka ɗauka an gama. Bernin mota kuwa tinarsa mai zafi ce, tana ratsa wannan fatar ta sama, ta kumbura abin da ke ƙasa, fatar ta rasa wurin zama sai ta tattare. Da na yi masa feshi sama-sama kamar raɓa, na bari ya sha iska, wataƙila da ya tsira. Ni kuwa na zuba masa a jiƙe. A kusa da bakin injin wutsiya, inda bernin ya taru ya kwanta, har robar kanta ya ci, ta yi ƙananan tsaga kamar ƙasar fadama da rani.

Tsarin da ya kamata, wanda na sani a baki amma ban ɗauke shi da nauyi ba: mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Selulos tukuna, fentin mai a kansa, fentin ruwa na akirilik a kan kowanne. In aka juya, abin da ya same ni ne. Gwajinsa kuma ba ya cin ko dala biyar. Cokalin roba fari na cin shinkafar biki, yawancinsu irin robar jirgin ce. Duk abin da ka shafa wa jirgi ka shafa wa bayan cokali a rana ɗaya, in za ka ɗora wani sabon abu ka fara da cokalin. Ina da cokulan nan a ɗaki ranar, cikin leda, ban taɓa ko ɗaya ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Cire fentin ya fi shafa shi wuya. Tina ba ta shiga maganar, narkar da jirgin za ta yi. Wasu na amfani da man birki, amma yana iya sa roba ta yi gautsi, fukafukai kuma sirara ne. Na sayi soda irin ta mata masu haɗa sabulu, rabin kilo a ruwa lita 5. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta, kuma a baho na roba, domin tana cin kwanon alminiyam. Ruwan zai yi zafi sosai da kansa, sai ya huce sarai kafin jirgi ya shiga, in ba haka ba fukafukai su lanƙwashe. Safar hannu ta roba da tabarau dole ne, a waje, nesa da yara. Soda ba ta cin berni sosai, don haka na fara karce saman da samfefa 400 don ta samu hanyar shiga wurin fentin man. Bayan kwana ɗaya a jiƙe, tsohon buroshin haƙori ya kwashe mafi yawa. Lungun fukafukai da gindin injuna sai da suka ƙara kwana. Ruwan sodar ya shiga cikin jiki ta ramin tayoyi, na yi ta ɗauraya, na jingine shi hanci sama kwana huɗu yana ɗiga. Mastik ɗin tagogi ya saki a wurare da dama, na sake cikewa, na sake gogewa tun daga 400.

A zagaye na biyu na bar fentin mai gaba ɗaya a gangar jiki. Dama farinsa kan koma ruwan ƙwai in ya daɗe. Na fara da shimfiɗa mai ruwan toka ta gwangwanin feshi, daga nisan santimita 25, shafi biyu na farko kamar hazo, domin selulos a jiƙe kan roba tsirara ma cinta yake yi. Sai farin selulos shafi uku, minti 20 tsakani, na ƙarshen ne kawai na bari ya ɗan jiƙe. Cikin jirgin da fukafukai na tsare su da tef na Tamiya, na yi musu ruwan toka da na azurfa da akirilik.

Lokacin feshi a garin nan shi ma sai an zaɓa. Aikin farko da hunturu na yi shi, ƙura ce abokiyar faɗa: ina yayyafa wa ƙasan ɗaki ruwa, in fesa, in kife babban baho a kan jirgin nan take, da ɗan dutse a gefe don iska ta shiga. Na biyun ya faɗo a Afrilu, zafi ya haura 40. A irin wannan rana fentin kan bushe a iska kafin ya iso jiki, ya sauka da ƙaiƙayi kamar rairayi. Bayan sallar asuba kawai nake fesawa, da rana ta ɗago na rufe. Gwangwanin ma a inuwa yake kwana.

Takardar sitika ta biyu ta ci wani mako bakwai ɗin. Wannan karon biyu na sa aka sayo. Ratsin koren dogo ne, in ka ce za ka ɗora shi ɗungurungum zai naɗe ko ya tsinke, na yanka kowane gefe gida uku, ina haɗawa a bakin ƙofofi inda ido ba ya kama mahaɗa. Daƙiƙa 15 a ruwa mai ɗumi, a ajiye kan tsumma har ta saki da kanta, a zame ta kan jiki mai sheƙi, a matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe da auduga. A kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa ƙarƙashinta ta yi fari-fari kamar azurfa. Wajen lanƙwasar hanci na ɗiga ruwan binega da aka tsinka, ta yi laushi ta kwanta.

Da na zo wurin berni, mako guda na yi ina jinkiri. A ƙarshe na akirilik na ɗauka, na ruwa, da buroshi mai faɗi mai laushi. Na yanki ɗan guntun sitika daga takardar da ta rage, na liƙa a bayan cokalin da ya sha farin nan rana ɗaya da jirgin, na shafa masa, na bar shi kwana biyu. Da na ga bai motsa ba na taɓa jirgin, shafi biyu marasa kauri, kwana ɗaya tsakani.

Yanzu yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, har da ta tsakiyar nan da ake gane DC-10-30 da ita, hanci a ƙasa yadda ya kamata. Tsagar bakin injin wutsiya ba ta ɓace duka ba. Na goge iya abin da kaurin robar zai ɗauka, na cike sau biyu, amma in hasken taga ya bugi gefen hagu da la'asar ana ganin wurin, faɗinsa bai wuce farcen ɗan yatsa ba.